Kada Ka Rufe Sujadar Hausa

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙafar tata kuma ta yi sauƙi.

Tun da aka tura ka Mararraba ban sa baki a aikinka ba, domin kai ne ka yi makarantar tauhidi, ni kuwa dattijon ikilisiyar ƙauye ne kawai. Amma kawunka ya zo mana da labarin da ya hana ni barci, wai kai da dattawanka kuna shawarar rufe sujadar Hausa, saboda matasa sun fi cika ta Turanci, baikonsu ma ya fi kauri.

Ban hana ka neman matasa ba. Yaran da aka haifa a bakin Abuja da Turanci suka tashi, idan ba ka bi su har cikin wayoyinsu ba wata majami'ar za ta kwashe su. Ka sayi kayan kiɗan, ka sa wa'azinka a Facebook. Sai dai ka duba su wane ne suke zama a kujerun sujadar Hausa: gwaurayen da suka gudo daga Gwoza da kudancin Kaduna, da masu gadi, da 'yan garuwa, da tsofaffin Zumuntar Mata waɗanda suka bar gida da gona da kaburburan mazajensu, ba abin da ya rage musu sai waƙoƙin da suka haddace. Tun 1932 aka ba mu Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, da shi kabilu masu harsuna dabam dabam suka zama jama'a ɗaya. Ranar da ka rufe musu wannan ƙofa ba za su yi maka gardama ba, za su daina zuwa ne ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ba za ka lura ba domin baikon bai ragu ba.

Wannan abin kunya ne, ɗana. Ka manta a bakin wa ka fara jin addu'ar Ubangiji? Har yau kana ganin na tsananta maka da nake zaunar da kai ka karanta wa Kaka Zabura bayan idanunta sun mutu, amma ban yi nadama ba, don irin wannan rana na yi. Koma ka karanta Ayyukan Manzanni sura 6. Da masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana manta gwaurayensu wajen rabon abinci, manzanni ba su kore su ba, mutum bakwai aka zaɓa su kula da su.

Na san nauyin yana da yawa, ga kuɗin gini, ga dattawa masu matsa maka. Ka bar sujadar Hausa ta ci gaba ko da mutum 20 ne, kada kuma ka tura ta asuba. Ka sa ɗaya daga cikin masu zuwa wannan sujada a majalisar dattawa, ka riƙa kai musu ziyara da ƙafarka, ranar Jibin Ubangiji kuma ka haɗa su da matasan a teburi ɗaya.

Mahaifiyarka ta ba kawunka daddawa da kuka ya kawo wa matarka. Ka kira ni kafin zaman dattawanku na gaba.

Ni ne,
Babanka