Ummi, kada ki ɓoye wata biyar ɗin nan

Assalamu alaikum, Ummi.

Ina fata kina lafiya, ke da Gwaggonki da yaran gida. Babanki yana gaishe ki. Shekaranjiya da muka yi waya, kuka ya hana ki jin rabin abin da nake faɗa, shi ya sa na zauna bayan sallar isha'i na rubuto miki, don ki karanta a tsanake.

Ban ga laifinki ba da kika ajiye aikin jinyar nan na asibitin kuɗi bayan wata biyar. Shekara 35 na yi ina karɓar haihuwa, na san nauyin da ke kan nas sabuwar fitowa idan aka bar mata ɗakin haihuwa da na yara da na maza a dare ɗaya, wayar likita kuma a kashe. Ranar da kika ce mini an kawo mai ciki tana jijjiga ƙarfe biyun dare, babu allurar magnesiyam a kabad, babu motar da za ta kai ta babban asibiti, ban runtsa ba har asuba. Da matar nan ta cika a hannunki, lasisinki za a fara tambaya kafin a tambayi mai asibitin. Ga albashin da bai kai naira 70,000 da gwamnati ta tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙaranci ba, shi ma sai wata ya shiga wata kafin ki gan shi. Kuskurenki ɗaya ne a wurina: kin fita cikin fushi, ba takarda, ba sallama. Shi za mu fara gyarawa.

Ki rubuta takardar ajiye aiki, gajeriya, mai ɗauke da ranar da kika kama da ranar da kika bari, da godiya. Kada ki zuba ƙorafi a ciki ko layi ɗaya. Ki kai da hannunki, ki nemi sistar da ke kula da ku, ki gaishe ta da ladabi, ki ba ta haƙuri a kan yadda kika tafi, sannan ki roƙi takardar shaidar cewa kin yi aiki a wurin. Na san zuciyarki za ta ce ai su ya kamata su ba ki haƙuri. Haka ne. Amma ke kike neman aiki, kuma duk inda kika je za a ce ki kawo wanda zai tsaya miki daga wurin da kika baro. Idan mai asibitin ya ƙi, sa hannun sistar da lambar wayarta sun wadatar, ki haɗa da na malamarki ta makarantar jinya.

Sai maganar da ta fi damuna. Kin ce ƙawarki ta ba ki shawara ki share wata biyar ɗin daga takardar tarihin aikinki, ki nuna kamar tun da kika gama makaranta kina gida. Kada ki kuskura. Duniyar ma'aikatan lafiya a Kano ƙarama ce ƙwarai. Matar da za ta zauna gabanki ranar intabiyu, wataƙila ajinsu ɗaya da sistar da kika baro, ko sun yi dutin dare tare shekara goma, ko suna haɗuwa a taron ƙungiya. Waya ɗaya za ta buga. Na taɓa zama cikin masu tantance sababbin ma'aikata, aka kawo wata yarinya mai ƙoƙari, amsoshinta duk daidai, ta ce ba ta taɓa aiki ko'ina ba. Ashe ɗaya daga cikinmu ta san ta a wani asibitin kuɗi. Ba barin aikin ne ya kayar da ita ba. Cewa muka yi, wadda ta ɓoye wannan, ranar da ta manta ba ta ba majinyaci maganin ƙarfe shida ba, me za ta rubuta a fayil? Aikinmu gaba ɗaya a kan amanar abin da aka rubuta yake tafiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Ummi.

Za a tambaye ki dalilin tafiyarki, wannan ba makawa. Ki shirya amsar tun a gida, ki maimaita ta gaban Gwaggo har muryarki ta daina rawa. Ki ce kin yi wata biyar, kin koyi karɓar haihuwa da sa ƙarin ruwa da lura da wanda ya fito daga tiyata, amma a matsayinki na sabuwa ana barinki ke kaɗai da dare ba babba a kusa, kika ji tsoron kada a cutar da majinyaci ta hannunki, yanzu kina neman inda za ki yi aiki ƙarƙashin manya ki ƙware. Ki tsaya nan. Kada ki kama sunan kowa, kada ki shiga labarin albashi sai an tambaya. Mai sauraronki yana auna yadda za ki yi maganarsa ne gobe idan kin bar shi.

Kin ƙwallafa rai a kan Asibitin Malam Aminu Kano. Ki nema, ki nemi asibitin Shika na Zariya da asibitin ƙashi na Dala ma, amma ɗaukar aikin tarayya ba kullum ake yi ba, masu jira kuma sun yi yawa. Ki sa kunne ga Hukumar Kula da Asibitoci ta jiha da hukumar lafiya matakin farko. Kuma kada ki raina ƙauye. Ni a asibitin karkara na iya aiki, inda ungozoma take ganin a wata guda abin da ta birni ba ta gani a wata shida. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF tana aikin haihuwa da yoyon fitsari a Jahun tun 2008, tana kuma kula da yara masu tamowa a Katsina. Aiki ne mai gajiyarwa, amma akwai tsari da horo. Babanki ya ce in dai akwai masauki mai mutunci, ba zai hana ki ba.

Kafin nan kada ki zauna. Hannun da ya yi wata shida bai nemi jijiya ba, rawa yake yi. Ki je asibitin unguwarku ki ce za ki yi aikin sa-kai ranar awo da ranar rigakafi, ki sa a riƙa rubuta zuwanki.

Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki ofa, wato takardar ɗaukar aiki, ko ɗan'uwa ne, ki ce masa mahaifiyarki ta hana. Na ga waɗanda suka sayar da fili aka ba su takardar bogi, na ga kuma wadda ta samu ta gaske ta shekara tana fargabar ranar tantancewa.

Batun Ingila ko Saudiyya da ɗan Kawunki yake zuga ki a kai, ba na ƙi ba ne, lokacinsa ne bai yi ba. Ki tuna a farkon 2024 hukumarku ta jinya da ungozoma ta fitar da ƙa'idar sai mutum ya shekara biyu yana aiki, ya kuma kawo takardar kyakkyawar shaida daga wurin aikinsa, kafin ta tantance masa takardun fita, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ko ƙa'ida ta sauya ko ba ta sauya ba, asibitin waje ma tarihin aikinki zai duba. Kin ga hanyar can ɗin ma ta ƙofar sistar nan ta bi.

Ranar Litinin ki je da safe, kafin a fara zagayen ɗakuna, lokacin ba ta gaji ba. Ki ɗauki kwafi biyu na takardar ajiye aikin, sistar ta sa hannu a ɗaya ki dawo da shi. Idan kina jin nauyi, Gwaggo ta raka ki ta jira a waje. Na ba direban motar kasuwa kuɗin mota da ɗan dambun nama ya kawo miki. Ki kira ni da kin fito, ko me aka ce miki.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki ƙofar da ta fi alheri.

Mahaifiyarki