Ba Duka 'Yan Siyasar Japan Ne Suka Yi Gum Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da ma'aikatanka baki ɗaya. Shirinku na tarihi ba ya wuce ni, balle da kuka shiga batun Yaƙin Duniya na Biyu, domin kakana yana cikin sojojin da aka kwasa daga nan aka kai Bama suka gwabza da Japanawa, kuma da labarinsa muka tashi. Sai dai a shirin makon jiya an ce da sojoji suka kama ragamar Japan, 'yan siyasar ƙasar kaf suka yi gum. A nan nake da ja.

Akwai Saito Takao. Lauya ne, an haife shi a 1870, ya yi karatu har Amurka, ya shiga majalisar wakilai a 1912. A zamaninsa buɗe baki na iya cin ran mutum. A 1932 matasan hafsoshi suka harbe firaminista Inukai har gida. A watan Fabrairun 1936 wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki a Tokyo, suka kashe ministan kuɗi Takahashi da wasu manya. Ko wata uku ba a yi ba Saito ya miƙe a majalisa ya ce soja su tsame hannunsu daga siyasa, ya kuma caccaki 'yan siyasar da ke raɓewa jikin masu kaki don biyan buƙatarsu.

Amma jawabin da ya jawo masa shi ne na ran 2 ga Fabrairu, 1940. Lokacin an shekara biyu da rabi ana yaƙi da ƙasar Sin, an rasa ta inda za a ƙare, gwamnati kuwa sai kiransa take yaƙi mai tsarki. Saito ya shafe fiye da sa'a guda yana tambaya: yaushe za a gama, kuma da wane sharaɗi? Me talakan da aka karɓe wa ɗa, aka ɗora wa haraji, zai samu? Ya ce a daina fakewa da kalmomi masu daɗi ana ɓoye wa jama'a gaskiya.

Kada a ɗauka waliyyi ne. Bai tsaya kan ta'asar da sojojin ƙasarsa suke yi wa mutanen Sin ba, kuma wannan yana damuna da shi. Shi a ganinsa ƙasashe don ribarsu suke yaƙi, don haka a faɗi ribar a fili. Duk da haka ya yi tambayar da saura suka haɗiye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Sojoji sun fusata, gaskiya ne, amma ba su ne suka kore shi ba. An goge kusan kashi biyu cikin uku na jawabin daga kundin majalisa, sannan ran 7 ga Maris abokan zamansa suka kaɗa ƙuri'a: 296 suka ce a kore shi, bakwai kacal suka ce a'a, saura suka ƙaurace. Cikin bakwai ɗin nan har da Ashida Hitoshi, wanda ya zama firaminista a 1948. Kafin shekarar ta ƙare jam'iyyu sun rushe kansu da kansu, sun narke cikin ƙungiya guda ta mara wa gwamnati baya.

Mutanen mazaɓarsa kuwa ba su yar da shi ba. A zaɓen 1942, ana tsakiyar yaƙi da Amurka, gwamnatin firaminista Tojo ta tsayar da nata 'yan takara suka kwashe kujeru 381 cikin 466. Saito ya tsaya ba da yawunta ba, ya zo na ɗaya a mazaɓarsa, ya koma zauren da aka fitar da shi. Bayan yaƙi ya riƙe minista, ya rasu a 1949.

Roƙona, Malam Edita, tunda saura mako biyu ku rufe wannan babi, a ware wa mutumin nan ko da minti goma ne, a kuma karanto wa masu sauraro alƙaluman ƙuri'ar nan ta 7 ga Maris.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Zariya