Godiya ta musamman ga Friends of the Public Garden, Boston

Barkanku da aiki, sannunku da ƙoƙari.

Ni direban tasi ne a nan Boston, kusan kullum sai na bi ta Beacon Street gaban majalisar jihar Massachusetts, har mutum-mutumin nan na tagulla na Kanar Robert Gould Shaw da sojojinsa baƙar fata na runduna ta 54 ya zame min kamar maƙwabci. A 2020 da na ga an kewaye wajen da shinge an ɗauke tagullar ɗungurungum wallahi gabana ya faɗi, lokacin ana ta tumɓuke gumaka a Amurka, na ce shikenan shima an yi waje da shi. Ashe asibiti kuka kai shi.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan shine ba kwaskwarimar ganin ido kuka yi ba. Abu ne tun 1897 yana tsaye, ruwan sama da ƙanƙara sun yi ta shiga ta tsakanin duwatsun har bulon da ke ciki ya fara lalacewa, mu masu wucewa a mota ina za mu sani? Kuka kwance duwatsun, kuka sa ƙarfe a ciki ya riƙe ginin, ita kuma tagullar aka kai ta wajen gyaran gumaka na Skylight Studios can garin Woburn aka wanke ta a hankali aka shafe ta da kaki saboda tsatsa. Kuɗi kusan dala miliyan 3, ku da National Park Service da hukumar birni da Museum of African American History, aka yi bikin sake buɗewa ran 1 ga Yuni 2022.

Ni dai ba ma'abocin gumaka bane, addinina ma bai koya min ba, amma fuskokin nan fa Saint-Gaudens, wanda ya ƙera tagullar, ya kwashe shekara 14 yana yin su kuma ba biyu da suka yi kama, yanzu har igiyar jakar da suka goya ana gani. Da yawa daga sojojin rundunar a sansanin Fort Wagner suka mutu a 1863 lokacin yaƙin basasar Amurka, sunayensu ma sai a farkon shekarun 1980 aka rubuta a jikin dutsen.

Ranar Lahadi na kai yarana wajen, na basu labarin Nicholas Said ɗan Kukawa ta Borno da ya shiga runduna ta 55, ƙanwar wannan. Ƙaramin ya tsaya yana ƙirga sojojin da yatsa sai da na ja shi saboda mitar fakin ta kusa cika.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ma aikinku albarka.

Naku,
wani direba Bakano a Boston