Me Ya Sa Akushin Inji Ke Tsagewa A Sakkwato?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu gyara wata magana da ta bazu tsakanin ƙannenmu da suka fara sassaƙa akushi da injin juya itace. Suna kallon Turawa a waya suna fitar da kwano fari tas daga itacen da ake kira ash, sai su gwada da namu. Kwana uku akushi ya tsage, su ce ai itacen ne ba mu da shi.

Ash bishiyar ƙasashen sanyi ce, irin su Turai da Amurka. Itacenta na da ƙarfi, yana lanƙwasa bai karye ba, shi ya sa ake ƙotar gatari da guduma da shi. Su ma can ya fara yi musu wuya: a 2002 aka gano wani ƙwaro a jihar Michigan wanda ya kashe miliyoyin bishiyoyin, a 2012 kuma cutar da ke busar da su ta bayyana a Ingila. Ga itacen ash da manyan ƙofofi a jiki inda nono da miya kan maƙale. Ɗanyen ash ma tsagewa yake yi idan aka yi masa gaggawa. Danya da maɗaci da aduwa duk suna juyuwa lafiya. Ƙirya dai a bar wa turmi, don tana dakushe ƙarfe.

Tsaga daga cibiyar itace take farawa, wato ɗigon nan na tsakiyar gungume. Itace idan yana bushewa yana motsewa sosai ta kewaye, ta tsawo kuwa kusan babu, duk jan sai ya taru a cibiya. Saboda haka a raba gungume biyu ta tsawo, a zubar da tsakiyar mai kaurin inci 1 ko fiye. Kowane ɓari akushi ɗaya ne, bakinsa ta wajen da aka tsaga, gindinsa ta wajen ɓawo. Idan ba ranar za a juya ba, a shafe bakin yankan duka biyu da narkakken kyandir ko tsohon fenti.

A zagaye shi da zarto ko gizago kafin ya hau inji, a ɗaure fuskar da aka tsaga a faifan ƙarfe da kusoshi masu zare guda 6 masu kauri. Siraran baƙaƙen nan ƙarfensu na da gautsi, sukan karye ana cikin aiki. A kawo majinginar ƙarfe, wato inda ake ɗora cizal, kusa da itacen, kamar kwatan inci, a juya itacen da hannu a ga bai taɓa ba, sannan a kunna. Lissafin gudu shi ne: faɗin akushi a inci, a ninka da juyin inji a minti ɗaya, ya faɗa tsakanin 6,000 da 9,000. Akushi mai inci 12 ke nan juyi 500 zuwa 750, a fara ƙasa da haka muddin itacen na girgiza inji. Injinan da ake haɗawa a gida yawanci gudu ɗaya gare su, mai yawa kuwa, gara a sauya gargaren bel tun kafin itace ya tashi sama.

Ana fara siffanta baya, daga gindi zuwa baki. A bar gindi mai faɗin inci 4 da kauri isasshe, domin nan za a kama idan an juya shi. Wanda ba shi da mariƙi mai haƙora, wato abin da ke damƙe gindin a inji, ya ƙara wa gindin kauri ya sa kusoshi a ciki, daga baya a yanke, kada ya manna shi da farin gam don ba ya riƙe ɗanyen itace. Ciki kuma daga baki ake gangarawa zuwa tsakiya. Cizal mai zurfin kwari da kaurin jiki ake so, bayan bakinsa na gogar itacen. Wancan mai faɗi da ake gyara ƙafar kujera da shi kada ya kusanci akushi, wutsiyarsa siririya ce, in ya cafki itace sai ta karye.

Ga inda ake faɗuwa. A wannan juyi na farko ba a gama akushi. A bar kaurin jikinsa kashi 1 cikin 10 na faɗinsa, mai inci 12 a bar kusan inci 1 da kwata, kuma kaurin ya zo ɗaya tun daga baki har gindi. Inda ya fi siriri shi zai riga bushewa ya ja sauran. Sai a sa shi a buhun takarda tare da ɓarzar da ta fita daga jikinsa, a ajiye a ƙasan ɗaki inda ba rana ba iska. Leda ba ta yi, fumfuna take kawowa. A Ingila sukan jira wata 6 zuwa shekara. Mu nan matsalarmu saurin bushewa ce, iskar hunturu ko zafin Afrilu da ke haura digiri 40 na iya tsaga akushi a dare ɗaya, don haka a lokacin a ninka buhun. A riƙa ɗora shi a sikeli duk mako ana rubuta nauyin a gindinsa. Idan mako 2 zuwa 3 suka wuce bai ragu ba, ya bushe. Za a tarar ya koma kamar ƙwai. Ba lalacewa ya yi ba, kaurin da aka bari don haka ne.

A mayar da shi inji, a daidaita, a sauke kaurin zuwa rabin inci ko ƙasa kaɗan. Wurare biyu masu fuskantar juna za su yi kaushi, nan ne ƙarfe ke yanka kan jijiyar itace. Maganinsu wasa cizal da yanka sama-sama, sanfefa ba ta cike ramin da dakusasshen ƙarfe ya yaga. Sannan a bi da sanfefa lamba 80, 120, 180, 240, ba tsallake. A rufe hanci, ƙurar maɗaci ba ta da daɗi, a sa garkuwar fuska, a ajiye babbar riga da carbi nesa da inji.

Na abinci man kaɗe da kakin zuma sun isa, a shafa a goge sau uku. Man gyaɗa yakan yi wari idan ya daɗe, banis kuma ɓarewa yake yi ya shiga fura. Uwargida ta wanke ta goge nan take, kada ya kwana a ruwa ko a kifa shi a rana.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masassaƙa,
Sakkwato.