Ƙwayar HIV ba iri ɗaya ba ce, a riƙa faɗa wa mutane

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ina roƙon ɗan fili a jaridarku saboda wata magana da take yawo wadda take damuna ƙwarai, wai idan miji da mata duk suna ɗauke da HIV to shikenan babu sauran abin da za su kiyaye tunda dai cutar ɗaya ce. Gaskiya ba haka abin yake ba, kuma dalilin yana cikin yadda ƙwayar take hayayyafa ne.

Ita HIV bayanan gadonta a rubuce suke a kan wani zare da ake kira RNA, kuma kowace ƙwaya zare biyu take ɗauke da su ba ɗaya ba. In ta shiga cikin ƙwayar halittar mutum dole sai ta juya wannan RNA ɗin ya koma DNA, wato irin zaren da bayanan gadon mutum suke rubuce a kansa, da wani sinadari mai suna ribas transkiriftes wanda Howard Temin da David Baltimore suka gano a 1970. To shi sinadarin nan ba ya tsayawa a kan zare ɗaya, kamar mai kwafar littafi ne da aka aje masa kwafi biyu a gabansa, yana cikin rubutu in ya ci karo da wurin da ya yage sai ya tsallaka zuwa ɗaya kwafin ya ci gaba daga inda ya tsaya, kuma yakan yi tsallaken nan sau da dama kafin ya gama. In zaren biyu iri ɗaya ne ba wani abu da zai canza. Amma fa idan nau'i biyu daban suka shiga ƙwayar halitta guda, sabbin ƙwayoyin da za su fito za su iya ɗauko zare ɗaya daga wannan ɗaya daga wancan, to a zagaye na gaba abin da za a kwafo gauraye ne, wani ɓangare na wannan wani na wancan.

Kuma wannan ba hasashe ba ne, nau'o'in da suka samu ta wannan hanya suka bazu cikin jama'a sun haura 100, ciki har da CRF02_AG wanda ya haɗo nau'in A da G kuma yana cikin waɗanda suka fi yawa a Afirka ta Yamma. Korona ma tana yi, nau'inta XBB da ya ɓulla a 2022 haɗin rassa biyu ne na wani nau'inta mai suna Omicron. Ƙwayar mura mai tsanani kuwa bayanan gadonta guntaye 8 ne, musayarsu take yi tsakanin nau'o'inta, haka aka samu annobar 1957 da 1968.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne maganar magani. A ce ƙwayar da ke jikin miji ta daina jin wani magani, ta jikin matar kuma ta daina jin wani daban, in suka haɗu a jiki ɗaya ana iya samun wadda ba ta jin duka biyun, ka ga an rage wa likita zaɓi kenan, bayin Allah kuma su ne za su wahala ba tare da an taɓa yi musu bayani ba. Mai ɗauke da HIV yana iya sake kamuwa da wani nau'in, wannan tabbatacce ne.

Ba tsoratarwa nake yi ba wallahi, don akwai labari mai daɗi. Gaurayar nan ba ta faruwa sai ƙwayar tana hayayyafa, wanda kuwa yake shan maganinsa kullum har gwaji ya nuna ba a ganinta a jininsa ba ya saka wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Kafin a kai wannan matakin, ko in ɗaya ya yi wasa da magani, kwaroron roba yana da amfani ko da duk biyun suna da ita.

Don haka Malam Edita ina roƙo ku gayyato likita a shafinku na lafiya ya yi wa ma'aurata bayanin gwajin yawan ƙwaya a jini, yaushe ake yinsa da yadda ake karanta sakamakon.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karanta jaridarku