Albam na Shekara: Ƙuri'ar Wa Kuka Ƙirga?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da ma'aikatanku. Shirinku na rediyo na daren Lahadi, wanda a ciki kuka sanar da wanda ya lashe kyautar albam na shekara, shi ne ya sa na ɗauki biro, kuma wallahi tun daga daren nan abin yake ci na a rai.

Ba yaron da aka ba kyautar nake jin haushi ba. Ɗan wani ne, abincinsa yake nema, Allah ya sanya masa albarka a ciki. Abin da ya tsaya min a maƙogwaro shi ne maganar da mai gabatar da shirin ya yi ta nanatawa, har sau uku ko huɗu, wai wannan zaɓin jama'a ne, jama'a sun yi magana. Wace jama'ar? Mu da muke zaune a benci mun kewaye rediyo a daren nan, mutum goma sha wani abu, ba wanda aka tambaya a cikinmu, kuma ba wanda ya yarda da abin da kuka faɗa.

Ni sana'ata cajin waya da tura waƙa. Ina da 'yar rumfa a ƙauyenmu a ƙasar Gumel, ranar Alhamis kuma in ɗaure kwamfuta da batir a bayan babur in nufi kasuwar Maigatari. Shekarata tara ke nan a kai. Duk wanda yake son ya san abin da mutane ke saurare, ya zo ya zauna kusa da ni wuni guda. Bafillatani zai gama cinikin sa ya zo ya miƙo min memori. Mutanen Nijar da suka ƙetaro da dabbobi za su zo. Masu amalanke, 'yan dako, 'yan acaɓa, duk ta gabana suke bi. Matan aure ba sa zuwa, sai su aiko yaro da memori a ƙulle cikin leda, da saƙon abin da za a sa. Wani ma bai san sunan mawaƙin ba, sai ya sunkuyo ya rera min baiti guda a kunne ya ce wannan yake so, da duk 'yan uwanta. To, Malam Edita, tun daga kakar bara har zuwa yau, baitin da aka fi rera min daga albam ɗin da kuka ajiye a na biyar yake, na ƙarshe a jerinku, wanda kuka ambaci sunansa sau ɗaya tak kuka wuce kamar kun taka garwashi.

Shi kuwa wanda ya lashe, gaskiya ana tambayarsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma waƙa ɗaya ake tambaya. Kun san ta, ita ce ta rawar nan da yara ke yi a TikTok. Abin da ake ce min kullum shi ne, sa min ita kaɗai, kar ka cika min kati da sauran. Ni da nake da albam ɗin gaba ɗaya a kwamfuta na zauna na saurare shi daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba. Waƙa ta uku da ta shida da ta tara kiɗa ɗaya ne, an ɗan ƙara masa sauri kawai. Kalmomin kuwa, zuciya, ƙauna, hawaye, zuciya, ƙauna, hawaye, sai ka ce an zuba su a ƙwarya ana juyawa. Muryar ma na'ura ta gyara ta har ta daina kama da ta ɗan Adam. Idan kyautar waƙar shekara ce, ku ba shi, ba mai musu. Amma kun ce albam.

Mu nan ƙasar riɗi ce. Mai sayen riɗi a Maigatari ba ya buɗe bakin buhu ya leƙa ya ce ya gani. Ƙarfen nan yake sokawa a gindin buhu da tsakiyarsa, ya zazzage a tafin hannu ya duba, domin ya san akwai masu zuba mai kyau a sama su bar yashi da ƙaiƙayi a ƙasa. Alƙalanku bakin buhu suka leƙa. Da sun soka ƙarfe a waƙa ta takwas ko ta goma, da sun ga abin da muke gani.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu, ku auna da kanku. Lokacin ɓarar zoɓo ne, mata sun cika tsakar gida, hannuwa duk sun yi ja. Ƙanwata ta rataye 'yar emfi a jikin turken akuya, albam ɗin nan na biyar yana tafiya. Inna, wato mahaifiyarmu, ba ta shiri da waƙoƙin zamani ko kaɗan, da ta ji kiɗan fiyano sai ta ce a kashe mata wannan hayaniyar. Amma da aka zo kan waƙar ɗan ci-rani, wadda gurmi ke buɗewa shi kaɗai kafin kalangu ya shigo, sai na ga ta ajiye zoɓon da ke hannunta. Matar yayana kuwa, wadda mijinta ya yi wata bakwai a Fatakwal yana tura baro, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Ba wanda ya ce uffan har waƙar ta ƙare. Sai Inna ta ce wa ƙanwata, ke, mai do ta baya. Sau uku aka mai da ta. Wannan ce waƙa ta bakwai a albam ɗin, ba ma ita aka yi wa bidiyo ba. A cikinsa akwai ta manomi da ɗan kasuwa, akwai ta kishiyoyi wadda ba zagi a cikinta, akwai ta amarya da yanzu ba a kamu ko wunin biki a yankinmu ba a sa ta ba. Kowace da turkenta, kowace da kiɗanta, 'yan amshi kuma mutane ne na gaske, kana jin numfashinsu. Wannan shi ake kira albam.

To yaya aka yi ya zo na ƙarshe? Ai kun faɗa da bakinku. Kun ce an duba yawan waɗanda suka kalla a YouTube, da waɗanda suka saurara a Audiomack, sannan aka haɗa da ƙuri'ar intanet da ta saƙon waya. Malam Edita, don Allah a cikin waɗannan wanne ne ya san da zaman Inna? Yawancin mutanenmu ƙaramar waya mai madanni gare su. Waƙa tana shiga memori ɗaya, daga nan ta bi Bluetooth da Xender ta zaga gari, ta shiga rugage, ta ƙetara iyaka. A ji ta a gona, a ji ta a bakin rijiya, a ji ta wajen mai shayi har memorin ya lalace, amma a lissafinku ko sau ɗaya ba a saurare ta ba. Yaro guda a birni mai data ya kwana yana latsawa, ya fi ƙauye guda nauyi a sikelinku.

Ni na gwada zaɓen nan da kaina, kar a ce ban yi ba. A garinmu sai ka hau tudun bayan makarantar firamare kafin ka samu sabis mai ƙarfi. Na hau da la'asar, na tura saƙo yadda kuka koya mana, aka cire min kuɗi, ba amsa. Na sake, aka sake cira. Na uku ne aka turo wani dogon Turanci, sai da na kai wa malamin makaranta ya karanta min, wai an rufe zaɓe tun jiya. A rediyo kuwa har safiyar ranar kuna cewa a ci gaba da zaɓe. Sannan ku da kanku kuka sanar cewa mutum yana iya zaɓa sau nawa ya ga dama. To wannan ai ba ƙuri'ar jama'a ba ce, ƙuri'ar aljihu ce. Wanda yake da ubangida mai kuɗi ya saya wa yara kati su wuni suna turawa, shi ke nan ya zama gwanin shekara.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mana a fuska: ku 'yan dawunlodin ku ne kuka kashe kasuwar mawaƙa, da wane baki za ku yi magana? Ban ƙi ba, akwai gyara a sana'armu, kuma ni ina cikin masu son a zauna da mawaƙa a tsara yadda haƙƙinsu zai riƙa isa gare su, kamar yadda a da dillalan kaset na Ƙofar Wambai ke sayen aiki a hannun mai shi kafin su buga. Amma wannan magana ce daban. Laifinmu bai mai da kunnen mutanen karkara abin banza ba. Kuma ku tambayi mawaƙan da kansu, wa yake gayyatarsu biki a Babura da Garki da Sule Tankarkar ya yi musu liƙi? Wanda ya ji su a memori ne.

Wani abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne baƙon da kuka kawo, wanda ya ce ko a Amurka haka ake yi. Ba haka ake yi ba. Ɗan yayata da ke karatu a jami'a a Dutse ya warware min yadda Grammy, wato babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, take. Tun 1959 ake ba da ita, kuma ba saƙon waya ake turawa ba, 'yan ƙungiyar masu sana'ar ne ke zaɓe, mawaƙa da makaɗa da marubuta waƙa da masu haɗa sauti. Shi ya sa a 2020 Burna Boy, duk da tashen da yake yi a duniya, bai samu ba, aka ba Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin, sai a 2021 ya karɓa da wani albam ɗin. Ban ce nasu ba shi da aibu ba. Amma in za ku kafa hujja da su, ku kafa daidai. Ko dai ku tara masana waƙa su zauna su saurari albam biyar ɗin nan baiti-baiti, ko kuwa in jama'a kuke so, ku zo inda jama'ar take. Kun bar wannan, kun bar wancan.

Shi dai wannan baƙon ne kuma ya yi dariya ya ce albam ɗin na biyar kiɗan ƙauye ne, ba zai shiga kasuwar duniya ba, mai gabatarwa kuma ya taya shi dariyar. Wallahi da na ji haka sai da na miƙe tsaye. Gurmi ne kiɗan ƙauye? Da gurmin nan Haruna Uji na Haɗeja ya cika ƙasar Hausa, har yau ina tura waƙoƙinsa duk ranar kasuwa. Da kalangu Mamman Shata ya yi suna har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu tun 1999 amma ba ranar da za ta wuce ban ji muryarsa a wayar wani ba. Ɗanmaraya Jos da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zaga ƙasashe. Barmani Choge da ƙwarya ta yi nata. Waɗannan duk 'yan ina ne? Yaro ya tashi a wannan zamani, yana da fiyano da kwamfuta a sitidiyo kamar kowa, amma ya ce bari ya ɗauko kayan iyayensa ya haɗa, ya zauna ya tsara magana mai ma'ana, sai a yi masa dariya a gidan rediyon Hausa, da harshen Hausa. Gobe wane yaro ne zai sake ɗaukar gurmi? Kun koya musu cewa hanyar kyauta ita ce waƙa ɗaya ta rawa da tara na cike gurbi.

Tun da na riga na ɗauki biro, bari in faɗi wannan ma. Shirin farashin kayan gona da kuka ɗauke daga bayan sallar isha'i kuka mayar ƙarfe goma na safe, wa kuke yi wa shi? A wannan lokacin manomi yana gona, ɗan kasuwa ya riga ya kama hanya. Makon jiya maƙwabcina ya sayar da zoɓonsa a gida da araha, washegari ya ji yadda aka saya a kasuwa, ya wuni bai ci abinci ba. Da shirin yana nan da daddare da ya ji. Kun cire shi kun cika wurin da tallan maganin gargajiya, wasu kalmomin ma mutum ba ya iya ji a gaban 'ya'yansa, sai dai ya yi sauri ya rage murya. Ku dawo mana da shi inda yake.

Maganar albam kuwa, ba na neman a ƙwace kyauta daga hannun kowa, an riga an bayar. Abin da nake roƙo, ku daina cewa zaɓin jama'a ne. Ku ce zaɓin masu data ne, sai mu yi shiru. In kuma da gaske kuke, baɗi ku ba ma'aikacinku rikoda ya zo Maigatari ranar Alhamis, ya je Wudil ranar Juma'a, ya je Dambatta ranar Lahadi, ya tsaya a rumfunan masu tura waƙa ya ji abin da ake tambaya. In ya zo wajena zan ba shi benci da ruwan sanyi, ba sai na ce masa komai ba.

Ina roƙon ku karanta wasiƙar nan gaba ɗayanta a shirin Lahadi mai zuwa, kar ku yanke inda na yi maganar baƙonku. In kun gama kuma, ku sa waƙa ta bakwai ɗin nan daga farko har ƙarshe, ba tare da an katse ta da talla ba. Na gaya wa Inna za ku sa, ta ce a tashe ta ko ta yi barci.

Wassalam.

Naku mai saurare kullum,
Mai cajin waya, daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.