Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Filaye da Albarkatun Ƙasa kan Jemagun 37

Mai girma Minista, sallama da fatan alheri.

Ranka ya daɗe, a watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Tree for Life a nan Ghana, kuma ma'aikatarka ce ke riƙe da ragamarsa. Mun yi murna. Amma masu yi wa ƙasar nan shuka kowane dare ba ko sisi, har yau ba wanda ya tsaya musu. Jemagun unguwar 37 da ke Akra, wajen asibitin sojoji na 37, nake nufi.

Mu mutanen Nima da Mamobi da su muka tashi. Da magariba, fasinja a tashar 37 yana ɗaga kai ya ga sama ta yi baƙi. A rani yawansu kan kusanci miliyan ɗaya. Masu bincike sun ɗaura wa wasunsu na'urar bin sawu, suka gano jemage kan ɗauki iri ya yar da shi a nisan da ya kai kilomita 75. Ya sha 'ya'yan itace, ya kasayar da ƙwayar yana cikin tafiya, ta faɗa fili inda aka sare daji ta tsiro. Odum ɗin da 'yan katako ke rububinsa yana cikin itatuwan da suke yaɗawa. Wane ma'aikacin gandun daji ne zai yi wannan tafiya a dare ɗaya?

To me muka saka musu da shi? Sarar rassan da suke yini a kai, da harbi. Wani bincike na 2011 ya ƙiyasta ana sayar da jemagu 128,000 duk shekara a kudancin Ghana don nama, alhali macen ɗa ɗaya take haifa a shekara. Haramcin farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba yana nan a takarda. Dokar kula da namun daji ta 2023 ma tana nan. Ina amfaninsu in ba su kare bishiyar da jemage ke rataye a tsakiyar babban birni ba?

Na san za a kawo zancen cuta, kuma ba na raina shi. Cutar Marburg ta kashe mutum 2 a ƙasar nan a 2022, cibiyar binciken lafiya ta Noguchi ce ta fara gano ta. Sai dai jemagen kogo ne aka sani da ɗaukar ta, ba irin na 37 ba. Na 37 ma an ga alamun wasu ƙwayoyin cuta a jininsu, shi ya sa mai harbi da mai fiɗa suka fi kowa shiga haɗari. Kora kuwa ba magani ba ce. A Uganda an karkashe jemagun wata mahaƙa, da wasu suka dawo sai aka tarar masu ɗauke da Marburg a cikinsu sun fi na da yawa.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka ayyana matattarar 37 da ta gidan namun daji na Kumasi a matsayin wuraren da doka ta kare, kada a taɓa reshe sai da izinin Sashen Namun Daji. A tallafa wa Noguchi da KCCR, cibiyar binciken cututtuka da ke Kumasi, su riƙa gwaji a kai a kai. Sannan a turo jami'ai masallatan Zango su gaya mana da Hausa abin da yaro zai yi in ya tsinci mataccen jemage.

Muna jiran amsarka kafin rani ya shigo su dawo.

Naka,
Wani mazaunin Nima, Akra